Inuwa ma sadaka ce, in dai iccen ya rayu

Duk wanda ya san Sakkwato ya san Gawon Nama da Rijiyar Ɗorowa, ya san Ƙofar Marke da Ƙofar Taramniya. Kullum muna faɗa wa mai keke sunayen nan, ba mu tsayawa mu ji abin da bakinmu ke furtawa. Gawo, ɗorawa, marke, taramniya, duk sunayen itatuwa ne. Yau in ka tsayar da yaron firamare a Gidan Dahala ka ce ya nuna maka taramniya, kwatancen hanyar ƙofar zai yi maka. Sunan ya zauna, iccen ya yi nisa.

Wanda ya taɓa yin watan Afrilu a garin nan ba ya buƙatar a yi masa lacca kan amfanin inuwa. Zafi kan haura digiri 40, wata rana ya doshi 45, kwalta ta yi laushi, ruwan randa ya koma kamar an ɗora shi a wuta. A irin wannan rana ka duba inda mutane suke: mai faci, mai gyaran waya, mai nama da tirensa, dattawan da ke jiran azahar, har awakin unguwa, kowa yana gindin dogon yaro. Shi kuwa dogon yaro baƙo ne, daga Indiya asalinsa, a zamanin Turawa aka shigo da shi ƙasar nan. Ke nan manyan da muke fakewa a ƙarƙashinsu a bakin tituna wani ne ya haƙa rami ya dasa, wani ya yi ta ɗauko ruwa har suka kama ƙasa. Alhazanmu sun ga irinsa a filin Arfa, inda aka dasa dubbai domin masu tsayuwa su sami inda za su raɓa.

Mutanenmu ba su da rowa a harkar addini. A ce za a gina masallaci, kafin sati an tara bulo da siminti. A ce azumi ya zo, ga kunu ga ƙosai a kowace ƙofa. Amma da an ambaci itace, ko magudanar ruwa, ko leda da ta cika lungu, sai a ce wannan aikin gwamnati ne, ko na ƙungiyoyin Turawa masu farar mota. Wannan rabon aiki ba daga littafi muka samo shi ba.

Abin da malamai suka daɗe suna karantarwa

Akwai hadisin Anas ɗan Malik a cikin Buhari da Muslim, wanda ma'anarsa ita ce duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ya ci, ko tsuntsu, ko dabba, to an rubuta masa ladan sadaka. A lura da jerin masu cin: har tsuntsun da ya yi ɓarna a mangwaronka yana cikin lissafi. Wani hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito ya umarci wanda tashin alƙiyama ya riske shi da ɗan dabino a hannu, in yana da halin dasawa, ya dasa. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, akwai wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa rundunar da ya tura Sham, ciki har da hana sare itace mai 'ya'ya. A fagen yaƙi ke nan, balle a zaman lafiya.

Batun ruwa ya fi haka tsanani. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu ɗaya na ruwa, abin da bai kai lita guda ba, wato ƙasa da cikin butar da muke ɗauka. Da Sa'adu ɗan Ubada ya nemi sanin sadakar da ta fi dacewa ya yi wa mahaifiyarsa da ta rasu, shayar da ruwa aka nuna masa, ya haƙa rijiya da sunanta. Kawar da abin cutarwa daga hanya kuwa an lissafa shi cikin rassan imani. Aya ta 41 a Suratur Rum ta danganta lalacewar tudu da teku da abin da hannun mutane ya aikata.

Ba a Larabci kaɗai abin ya tsaya ba. Kalmar hurumi da muke amfani da ita, wato filin da aka keɓe wa jama'a, ba a nomawa, ba a ginawa, daga fiƙihu ta shigo mana. Annabi ya keɓe wani fili mai suna Naƙi'u kusa da Madina domin kiwon dawakan Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe na Rabaza. A nan gida, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi musamman kan hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita, *Ta'alimur Radi*, kan yadda ake mallakar irin wannan ƙasa da abin da ke zama haƙƙin jama'a. Hurumi da burtali da mashaya, waɗanda cinye su ke jawo faɗa tsakanin manomi da makiyayi a yau, doka ce da magabata suka sani tun kafin a ƙirƙiro kalmar muhalli a rediyo.

A waje ma malaman addinai sun farga. A 2015 Fafaroma Francis ya fitar da wasiƙarsa mai suna *Laudato Si'* kan kula da duniya, wadda maƙwabtanmu Katolika suka sani, kuma a watan Agustan waccan shekarar malaman Musulunci suka taru a Istanbul suka fitar da sanarwa kan sauyin yanayi. A Fabrairun 2024 aka ƙaddamar da wata takarda mai suna *Al-Mizan* a Nairobi. Misalin da ya fi burge ni dai ƙarami ne. A tsibirin Misali da ke kusa da Pemba a Tanzaniya, masunta sun daɗe suna kamun kifi da nakiya, hukuma ta hana ba su ji ba. Da aka zauna da limamansu aka bi ta Alƙur'ani, aka nuna musu cewa amana ce suke ci, sai da yawansu suka bari. Abin da ɗan sanda ya kasa, mumbari ya yi.

Darasin Maraɗi

Ba sai mun je Tanzaniya ba. Tsallaken iyaka, a ƙasar Maraɗi, an yi abin da masana ke kawo misali da shi a duniya. Bayan farin shekarun 1970, an kashe kuɗi mai yawa wajen raba dashe a Nijar, mafi yawansa ya mutu: rana ta ƙone wani, akuya ta cinye wani, gara ta gama da sauran. A 1983 wani ɗan mishan daga Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne. Tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai ya shawarci manoma su daina share su ƙarƙaf. A kowane kututture a zaɓi reshe biyu zuwa biyar masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Tunda saiwa ta riga ta yi zurfi, tohon kan girma da saurin da sabon dashe ba zai iya ba.

Da farko dariya aka yi masa, don manomin kirki a lokacin shi ne wanda gonarsa take fes. Yunwar 1984 ce ta sa mutane da yawa suka gwada, sannan dabarar ta yi ta yawo daga gona zuwa gona, manoma suka sa mata suna sassaben zamani. Daga baya aka gyara dokar daji ta Nijar yadda manomi zai ji cewa iccen gonarsa nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo ne sarkinsu, saboda halinsa na saɓa wa sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, gero ya sami rana da taki, da rani kuma ya yi kore, dabbobi su sami 'ya'yansa. Kirista ne ya ga abin, manoma Hausawa Musulmi suka yi aikin, kuma babu wanda ya sayi ko dashe ɗaya.

Duk mai gona a Kware ko Dange ko Wamakko zai iya fara wannan bana da wuƙa da lauje. Mu mazauna birni kuwa darasin da ya shafe mu shi ne na farko, wato yadda dashen kyauta ya mutu.

Dashe rana ɗaya ne, reno shekara biyu

Na taɓa shiga cikin samarin da suka dasa itatuwa ashirin a bakin wata makaranta. Mun sa riguna iri ɗaya, mun ɗauki hoto, aka sa a Facebook. Wani dattijo mai gadi yana zaune a kan benci yana kallonmu. Da muka gama na je na gaishe shi, na ce, "Baba, ka ga aikin lada." Ya ce, "Na gani, ɗana, Allah shi biya. Amma wa ka ba su ruwa in rani ya yi?" Na ce za mu riƙa zuwa. Bai ce komai ba. Kafin sallar layya ta zagayo saura uku, su ma ukun shi ne yake zuba musu ragowar ruwan butarsa.

Damina a Sakkwato wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, sauran wata takwas kusan babu ɗigo. Ɗan itacen da aka dasa a Agusta, in aka bar shi da Allah da akuya, da wuya ya ga Maris. Saboda haka wanda ke son ladan hadisin Anas ya yi lissafin shekara biyu, ba na rana ɗaya ba. Da haihuwar yuyuyu gara ɗa ɗaya ƙwaƙƙwara.

Yadda masu lambu ke yi ba ɓoyayye ba ne. A jira ruwa ya zauna, ƙasa ta jiƙu sosai, wajen watan Yuli. A haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, a cakuɗa ƙasar da takin da ya riga ya ruɓe, don ɗanyen taki ƙone saiwa yake yi. A yage ledar da dashen ya zo a ciki, abin da mutane da yawa ke mantawa. A kewaye shi tun ranar, da ƙaya ko tsohon kwando ko bulon da aka jera da 'yan kafofi. Da rani, a binne tsohon tulu ko gorar roba da aka huda a gindinsa, a riƙa cikawa, ruwan ya riƙa tsatsafowa a hankali zuwa saiwa maimakon rana ta shanye shi. Dogon yaro kada a matsa shi jikin katanga ko ƙarƙashin wayar lantarki, in ba haka ba shekara goma mai gidan da kansa zai kira mai gatari. Cikin gida mai ƙaramin fili zogale ya fi, ga miya ga kwaɗo. Inda akwai sarari, kamar maƙabarta da filin idi da harabar makaranta, a tuna da na gida: tsamiya, kuka, kurna, magarya, aduwa, da bagaruwar da majema ke jima da 'ya'yanta. Suna da jinkirin girma, amma sun san ƙasar.

Ruwan ban itacen fa? A nan masallaci ke da abin da babu gidan da ke da shi. A ɗauka masallacin unguwa na samun mutum ɗari a kowace salla, kowa ya yi alwala da lita ɗaya. Lita 500 ke nan a yini, jarka ashirin ta mai ruwa, kuma duk tana gangarewa kwata ta zama gidan sauro. Ruwan alwala ba najasa ba ne. In aka raba hanyarsa da ta ban-ɗaki, aka ja ɗan bututu ko aka yi 'yar magudana zuwa gindin itatuwa biyar ko shida, an gama da matsalar rani, kuma kuɗin bai kai na fenti ba. Ina mamakin kwamitin masallacin da zai tara kuɗin tayil da na'urar sanyaya ɗaki, alhali sahun waje na ranar Juma'a a kan tabarma mai zafi suke sujada.

Zakka, sadaka, wakafi: wanne ya dace?

Nan ne ake yawan ruɗewa. Zakka tana da masu ita, kashi takwas da aka lissafa a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma a wurin mafi yawan malamai ba a ɗaukarta a gina hanya ko a dasa itace da ita. Haƙƙin matalauci ne, a miƙa masa. Wanda yake da wata tambaya a kan wannan ya tuntuɓi malaminsa kafin ya fitar.

Sadakar ganin dama ƙofarta a buɗe take. Da ita za ka iya sayen dashe da waya ta kewaye, ka biya almajiri ko mai ruwa ladan ban ruwa duk wata, ka gyara famfon unguwa da ya lalace. Wannan na ƙarshen a riƙe shi da kyau. Mun fi son haƙa sabuwar rijiyar burtsatse a liƙa allo da sunan mahaifinmu, alhali a lungu na gaba akwai wadda ta shekara a tsaye saboda ƙaramin gyara.

Wakafi, wanda littattafan Malikiyya ke kira hubusi, shi ne ya fi dacewa da aikin da ake son ya daɗe. Ma'anarsa a tsare asalin dukiya, a sadaukar da amfaninta. Tushensa gonar da Sayyidina Umar ya samu a Haibara, wadda aka sharɗanta ba a sayarwa, ba a kyauta da ita, ba a gadonta, amfaninta kawai ake rabawa. Haka rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa mutanen Madina. Mai fili a bayan gari zai iya mayar da shi lambun mangwaro ko dabino, ya ce kuɗin 'ya'yan na marayu ne ko na wata islamiyya. Ƙasa ta sami itace, maraya ya sami kuɗin makaranta, mai lambu ya sami aiki.

Sai dai wakafin baki kawai shi ne wanda magada ke sayarwa bayan sadakar arba'in. A rubuta, a sa shaidu, a sanar da iyali tun ana da lafiya, don abin da aka bayar a ciwon ajali hukuncin wasiyya yake ɗauka, ba ya wuce sulusi. A gyara takardun filin. A naɗa mai kula, a kuma ware kason da za a riƙa biyansa da yin gyara daga cikin amfanin. Jihar Sakkwato na da Hukumar Zakka da Wakafi, ana iya zuwa a nemi yadda ake rajista.

In kuma wata ƙungiya za ka ba kuɗi, tambaya ɗaya ta isa ta tace maka su: itatuwan da kuka dasa bara, guda nawa ke raye, kuma a ina zan je in gansu? Mai gaskiya zai ɗauke ka ya kai ka. Wanda ya fara nuna maka hotunan ranar biki, ka riƙe kuɗinka.

Murhu da leda

Kowace safiya motocin itace da buhunan gawayi na shigowa gari, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 rayuwa ta yi tsada, gidaje da yawa da suka saba da gas sun koma gawayi. Ba na cikin masu zagin matar da ke girki da itace, don ba ta da zaɓi, kuma ita ce ta fara shan hayaƙin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Murhun duwatsu uku yawancin zafinsa iska yake bi. Murhun da aka kewaye, na laka ko na ƙarfe, yana dafa tukunya ɗaya da itacen da bai kai na da ba. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1982, ta daɗe tana aiki kan irin waɗannan murahu da na'urorin hasken rana. Wanda ya saya wa bazawara mai tuwon sayarwa, ko makarantar allo mai almajirai da yawa, irin wannan murhu, ya rage mata kuɗin itace na kullum, ya rage wa daji gatari.

Leda kuwa a tambayi mahauta. Sukan farka tumbin saniya ko akuya su ciro dunƙulen leda da ya cushe cikinta, dabbar tana ci tana ramewa, mai ita na ta sayen magani. Wadda dabba ba ta haɗiye ba ita ke toshe magudana, ruwan sama ɗaya unguwa ta cika, kamar yadda mutanen Mabera suka sha gani. Ranar suna ko walima ko tafsirin azumi, a dubi ƙofar gida bayan an watse. Buhu biyu da aka ajiye don tara ledar ruwa, da yaro ɗaya da aka ba aikin, sun isa.

Kada a ɗauka wannan zai maye gurbin hukuma. Madatsar Goronyo da garin nan ke dogaro da ita, wadda a 2010 ta yi ambaliya har gadar hanyar jami'a ta karye, a 2018 kuma ruwanta ya ja baya ƙwarai, ba da kuɗin asusun masallaci za a kula da ita ba. Sakkwato na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, tana kuma cikin jihohin arewa 19 na shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 a 2021. Kuɗin jama'a ne, bashi ne a wuyanmu, kuma tambayar da za a yi wa ƙungiya ita ce za a yi wa kwamishina. Ga kuma rashin tsaro a gabashin jihar, inda manomi bai isa ya kwana a ƙauyensu ba balle ya reni gawo.

Abin da ke hannun mai unguwa da liman da kwamitin masallaci a Gidan Dahala dai bai buƙaci sa hannun kowa ba. Masu sayar da dashe suna nan a bakin titi, kuma farashinsu kan tashi da zarar ruwa ya sauka. Wanda ke da niyyar bana ya haƙa raminsa tun a Mayu, ya zuba taki ya bar shi ya huce, ya kuma shirya da wanda zai riƙa ɗauko ruwa daga Nuwamba.